Tofi a Kwalbar 'Yar Yunusa

Haɗeja, Lahadi

Zuwa ga Shamsiyya, 'yar ƙanena Yunusa, Allah ya ji ƙansa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya fara ja da baya a fadama, masu shinkafa sun shiga yanka.

Inuwa tela ne yake rubuta min, na kuma ce masa ko wasali kada ya gyara. Wayar da kika aiko na ba Shu'ibu direba ya mayar miki da abarki. Maganar waya iska ce, ta takarda kuwa ko gobe mutum ya musa sai a ɗauko a nuna masa.

Kwalabenki biyu sun iso, 'yan mitsi-mitsi kamar na turare. Wai ɗaya tawa, ɗaya ta ƙaramin ɗana Auta, mu tofa yawu a ciki a kai miki Kano ki saka a na'ura. To ki saurara. Ni Baƙo masunci, tun kafin a haifi ubanki nake shiga ruwa, ban taɓa jin inda dattijo ya tara yawunsa a kwalba ya ba direba ba.

Kin san abin da kika yi mana. Kika hau rediyo, duk bakin kogin nan ana ji, kika ce ciwon ƙodar da ke cin mutanenmu wani ɓangarensa a jini yake, gadonsa ake yi. Da kin tsaya nan da sauƙi. Sai kika ƙara da cewa a gidanku kika fara ganinsa. Wane ne gidanku? Ni ne gidanku. Tun ran nan in na shiga kasuwar kifi sai wani ya ce, "Baba Baƙo, yaya jini?" Mukhtar, wanda muka tsufa muna cin tuwo a kwano ɗaya, yanzu da cokalinsa yake zuwa a aljihu.

Ban kuma manta da zuwanki na bara ba, da kika shigo gidana riƙe da ruwan gora, aka miƙo miki moɗa daga randa kika ce kin ƙoshi. To in a jini abin yake, me kike tsoro a randata?

Ruwa ne, Shamsiyya. Tun da aka datse kogin nan daga sama, ciyawar kachala ta cinye hanyoyin ruwa, ruwa ya daina gudu, manoma suka bi shi da feshin magani. Shi ya kashe ubanki, shi ya kwantar da ɗana Umara da kuke ta wanke masa ƙoda a can. Na ji Auta ya ce zai ba yayansa ƙoda ɗaya. Ban hana ba, ɗan halak ke nan. Amma na tara gidana na faɗa, na kuma maimaita miki: duk ɗan gidan nan da ya ba ki yawunsa, ban yafe masa ba.

Ki gaida Umara. Ga bandar karfasa nan na ba Shu'ibu, in ba ita ma tsoronta kike ji ba.

Baffanki,
Baƙo

*

Kano, Laraba

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen gida da Baba Inuwa. Karfasa ta iso, mun yi miya da ita, ni na cinye kan.

Maganar rediyo, na yi kuskure da na ambaci gidanmu ban nemi izininka ba. Ka yafe min wannan. Amma abin da na faɗa ba zan iya janyewa ba, don ba ƙarya ba ne.

Ban taɓa cewa ba ruwa ba ne, Baffa. Wataƙila ruwa ne, wataƙila feshi, wataƙila zafin rana da aikin fadama ba shan ruwa isasshe. Har yau ba wanda ya gano gaba ɗaya, aikin da muke yi ke nan. Amma kai da Babana kogi ɗaya kuka sha, kwale-kwale ɗaya kuka shiga. Shi ya tafi da kumburarrun ƙafafu, kai kana nan kana faɗa da mutane a kasuwa. Me ya bambanta ku? Abin da nake nema ke nan.

Bari in faɗa yadda za ka gane. A jikin kowane mutum akwai rubutu, mu muna ce masa ƙwayoyin halitta, rabi daga uba, rabi daga uwa. Yana cikin jini, yana cikin yawu. A cikin rubutun akwai wani harafi da ke shafar ƙoda. Wanda ya gaji guda ɗaya galibi lafiya lau yake. Wanda ya gaji biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, ƙodarsa ta fi saurin gazawa in wata wahala ta same ta. Yaya Umara ya yarda na duba nasa tun kafin ka yi hani. Biyu gare shi.

Ka ga inda matsalar take. Auta uwa ɗaya uba ɗaya suke da Yaya Umara. In shi ma biyu gare shi, aka cire masa ƙoda aka bar shi da ɗaya, muna iya tayar da ɗa ɗaya mu kwantar da wani. In kuwa ba shi da biyu, sai a yi aikin da kwanciyar hankali.

Na zaunar da Auta na yi masa bayani. Ya ce, "Yaya Shamsiyya, ƙoda dai zan bayar ko me rubutun ya ce. Yawu kuwa Baba ya hana." Na ce to a duba a jinin da asibiti suka ɗiba. Ya ce in Baba ya hana ƙofa, ba zai shiga ta taga ba. Ni kuma ba zan duba a ɓoye ba, aikinmu ba a yin sa sai da yardar mai jiki.

Don Allah Baffa, ka fara tofawa, shi zai bi ka. Kafin ka tofa kada ka ci goro, yana ɓata gwajin.

'Yarka,
Shamsiyya

*

Haɗeja, Asabar

Shamsiyya,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, Inuwa ya karanta min, na sa ya sake.

Wato yanzu abin ya wuce kaina ya kai ga matata Mairam. Rabi daga uba, rabi daga uwa. Matar da ta goya ki lokacin da uwarki ke jego, tana kwance a kabarinta, ita ma za ki tono ta ki ce ta ba 'ya'yanta mugun harafi. Ki bar Mairam ta huta. In laifi kike nema ki ɗora a kaina, ni ina da bakin ramawa.

Kin ce rubutu a cikin yawu. Ni ban yi boko ba, amma na san rubutu a allo yake, a wanke a sha. Ban taɓa jin wanda ake tofarwa ba. Da rubutu ne da Inuwa ya karanta min shi, ga shi kullum ina fesa masa a fuska in ina magana.

Ba ke kika fara zuwa ba. Shekarun baya wasu sun zo da farar mota, suka ɗebi jinin rabin unguwarmu, suka ce za su dawo da amsa. Waɗanda aka ɗebi nasu da yawa sun mutu suna jira. Jininsu yana can wata ƙasa, Allah kaɗai ya san abin da ake yi da shi. Yanzu kuma an ga jini ya yi wuya an koma yawu, an kuma turo 'yar gida.

Sannan goro. Tun ina saurayi ban taɓa kai hantsi ba goro a bakina ba. Ranar da ruwa ya ci gidanmu, a kan rufi na kwana da goro a kumatu. Sai yau kwalba za ta hana ni?

Amma tun da kin nace, ga kwalbarki nan na cika miki ita har wuya, na toshe da kyau. Ki saka a na'urar, ki karanta abin da ke kashe mutanen Haɗeja, ki hau rediyo ki faɗa. Ta Auta tana ƙarƙashin matashina, nan za ta zauna.

Ki ce wa Umara ya riƙe addu'a. Ki ce masa komarsa ta kamun kifi tana nan na gyara ta, ba wanda zai taɓa sai ya dawo.

Baffanki,
Baƙo

*

Kano, Alhamis

Baffa,

Barka da war haka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Na karɓi kwalba da murna har na rungume ta. Na ɗan ga launinta ya yi duhu, na ce goron ne. Muka saka a na'ura, ta ce ba ta ga ɗan Adam ba. Muka sake, ta sake cewa haka. Sai wani abokin aikina mai binciken halittun ruwa ya ce in ba shi ya gani.

Baffa, sakamako ya fito. Na'ura ta ce kai tarwaɗa ne. Akwai ɗan kwaɗo ta wajen uwa, da kachala, da alamar shanu sun ratsa ta cikin zuriyar.

Na yi dariya har na yi hawaye, daga baya hawayen suka ƙi tsayawa. Amma ruwan kogin da ka aiko ban zubar ba. Na aika da ragowar inda ake auna guba, kuma in ka yarda zan turo manyan kwalabe ka ɗebo min daga wuraren da ka fi zargi, don babu wanda ya san inda ruwa ke kwanciya kamar ka. Ka ga ban raina maganarka ba. Kai ma kada ka raina tawa.

Ban ce Inna Mairam ta ba kowa mugun abu ba. Akwai abin da ban faɗa maka ba, shi ya kamata in fara faɗa tun a rediyo. Harafin nan ba la'ana ba ne. Masana na ganin dalilin da ya sa ya yawaita a jikin mutanenmu shi ne yana ba da kariya daga ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa a bakin kogi. A zamanin da ciwon ke share garuruwa, masu harafin ne suka fi tsira, suka haifi waɗanda suka haife mu. Garkuwa ce kakanni suka bar mana. Nauyinta ne yake danne ƙodar wasu a yau.

Waɗanda suka zo da farar mota ban san su ba, ba kuma zan kare su ba. Ni dai ka san ƙofar gidana, ka san kabarin ubana.

Jikin Yaya Umara ba daɗi. Jijiyar da ake wankin ta nan ta fara toshewa, likitoci sun ce kada a ja lokaci. Auta ya sa hannu a takarda. Na gaya wa likitocin abin da nake tsoro, suka ce gwajin nan shawara ce, ba dole ba, in mai bayarwa ya ƙi ba za su tilasta shi ba. Wato za a yanka Auta ido rufe, Baffa, kuma kai ka rufe idon.

Ga sabuwar kwalba nan. Wannan karon ta mutum ce.

'Yarka,
Shamsiyya

*

Haɗeja, Litinin

Ke 'yar Yunusa,

Na amsa gaisuwarki. Inuwa bai iya ƙarasa karatun ba sai da ya sauko daga kan keken ɗinki ya riƙe ciki. Kafin la'asar duk layin teloli sun ji. Da ana ce min yaya jini, yanzu an koma "Baba Tarwaɗa." Sau biyu ke nan kina ɓata min suna.

To ki sani ban ji haushin wannan ba. Tarwaɗa ce in tafki ya ƙafe take shiga laka ta jira damina. Karfasa mai kyan gani ita ke fara juya ciki sama. Na'urarki ta fi ki hankali.

Maganar ciwon barci kuwa, wa ya gaya miki? Kakana ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce akwai shekarar da mutum zai ɗauki loma ya yi barci kafin ta kai baki. Ƙauyukan bakin ruwa suka zama kufai, har kura na shiga ɗaki da rana. Gidanmu aka yi ta jiran a ji kuka, shiru. Har aka fara cewa kakanmu yana da asiri da aljanun ruwa. Ashe tun can ana yi da mu a kan abin nan.

Jiya na tare Mukhtar a bakin masallaci na ce, "Kai mai cokali, lokacin da kakanninka ke gyangyaɗi a kan tuwo, namu ne suka yi musu sutura. Jinin da kake ƙyama shi ya haƙa kabarinsu." Ya saka takalmansa ya wuce. Wannan kam na gode miki.

Amma kada ki ɗauka kin ci ni da daɗin baki. Magana na yi a tsakar gidana, gaban 'ya'ya da surukai da jikoki. Na ce ban yafe ba. Ni ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta, ban iya karatu ba. Abin da ya rage min a duniya shi ne in na faɗi magana ta zauna. In na tashi gobe na ce na fasa don yarinya ta aiko takarda daga Kano, da me zan sake tsawata wa wani?

Kin ce ni na rufe idon. Wannan kalma ta yi nauyi a bakin 'ya. Ubanki bai taɓa gaya min irinta ba.

Auta ya zo ya yi min sallama. Ya durƙusa ya ce in yafe masa in ta Allah ta kasance. Na ce tashi, ba inda za ka. Na lura ya rame. Ku dinga ba shi abinci.

Manyan kwalaben ki turo. Ruwa zan ɗebo miki ko tulu nawa kike so.

Baƙo

*

Kano, Juma'a

Baffa,

Ina gaisuwa. In kalmata ta yi nauyi ka yi haƙuri, tsoro ne ya faɗe ta.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Yaya Umara ta ce shekaranjiya wani tsoho ya zo, dogo, mai ƙanshin hayaƙin banda, da jan baki. Ta ce ya tsaya ya daɗe yana kallon injin wankin, yadda jini ke fita ta wannan roba ya koma ta waccan. Bai zauna a kujera ba. Ya dafa kan Yaya Umara ya yi ta karatu a hankali yana yi masa tofi, sannan ya juya ya yi wa Auta. Da zai fita ya ce mata in ta gaya wa Dakta Shamsiyya ya zo, bai yafe ba.

Na ce mata kada ta damu, mu da yawa ne a wannan layin.

Ofishina yana bayan ginin, Baffa. Da ka leƙo da ka sha ruwa. Na sayi randa.

An sa aikin ranar Alhamis mai zuwa. In kwalba ta iso ni kafin Talata zan iya duba ta a kan lokaci. Ba zan sake roƙo ba, na faɗi iyakar abin da na sani. Duk yadda ka yanke, kai ne ubanmu, kuma ina wajen ranar.

'Yarka,
Shamsiyya

*

Haɗeja, Lahadi

Shamsiyya,

Sallama. Wannan ma'aikaciyar bakinta ba ya riƙe magana, amma na yafe mata, don na ga yadda take juya Umara.

Ki buɗe kunne, kada gobe ki hau rediyo ki ce Baƙo ya janye. Ban janye ba. Na ce duk wanda ya ba ki yawu ban yafe ba, kuma har yanzu haka ne. Yawu shi ne abin da mutum ke zubarwa a gefen hanya. Ba wanda zai ba ki shi a gidana.

Tofi daban ne. Tofi addu'a ce, uba yana yi wa ɗansa, ƙani yana yi wa yayansa, ba wanda ya isa ya hana. Yau na tara gidan kamar ran nan, na karanta abin da na iya a kan Umara, na tofa a kwalba har ta kai zanen da kika yi a jikinta. Tofin ya yi yawa, amma ciwon ma babba ne. Goro ban taɓa shi ba sai da rana ta take, Inuwa shaida ne, ya ce bai taɓa ganin haƙorana ba sai yau.

Ta Auta tana cikin ƙunshin. Ki ba shi, ki ce in ji ni ya yi wa yayansa tofi a ciki, da bisimilla. In na'urarki ta iya karanta addu'a, ta karanta.

Abin da ta ce a kan Auta, ni za ki fara gaya wa, ki zo da ƙafarki, ki sha ruwan randata. In guda gare shi, ku yi aikinku. In biyu ne, kada wuƙa ta taɓa min yaro. Ki gaya wa likitocin akwai wata tsohuwar tarwaɗa a Haɗeja mai ƙoda biyu da suka sha kogin nan tun kafin a haifi su likitocin. In sun ce na tsufa, su zo su faɗa a gabana.

Baffanki,
Baƙo